Zuwa Wurin Aiki a Kan Keke: Dalilan Yarda da Dalilan Ƙi, Tare da Misali Daga Sifawa

1.0 Gabatarwa

Ran 29 ga watan Mayu, 2023, Shugaban Ƙasa Bola Ahmed Tinubu ya bayyana janye tallafin da gwamnati take yi wa man fetur. Kafin wannan rana, farashin hukuma na lita ɗaya bai kai naira 200 ba. Cikin 'yan kwanaki ya haura naira 500 a jihohin Arewa, kafin ƙarshen shekarar 2024 kuwa ya wuce naira 1,000 a wurare da yawa. Nauyin wannan al'amari ya kai ga gwamnatocin jihohin Kwara da Edo sun sanar, a watan Yuni na 2023, cewa ma'aikatansu za su riƙa zuwa ofis kwana uku kawai a mako. Watau kuɗin zuwa wurin aiki ya zama abin da yake iya hana aikin kansa.

Tun daga wannan lokaci aka sake tayar da tsohuwar magana, cewa ma'aikata su koma wa keke. Masu wannan kira sukan kawo misalin ƙasashen Turai, masu ƙi kuwa sukan ce ci baya ne. A cikin wannan takarda za mu yi ƙoƙari mu auna dalilan ɓangarorin biyu a kan ma'aunin wuri guda, watau garin Sifawa da kewayensa, cikin Ƙaramar Hukumar Boɗinga ta Jihar Sakkwato, tare da leƙa maƙwabciyarta Shagari. Abin da muke so mu nuna shi ne, amsar tambayar ta dogara ga abubuwa uku: nisan wurin aiki, da irin hanyar da za a bi, da lokacin shekara. Ma'aikatan da muke nufi kuwa su ne malaman firamare da na sakandare, da ma'aikatan ƙananan asibitoci, da malaman gona, da ƙananan ma'aikatan sakatariya, domin su ne albashinsu ya fi jin zafin kuɗin sufuri.

2.0 Sifawa da Hanyoyinta

Sifawa tana kudu da birnin Sakkwato, tazarar kusan kilomita 30, a kan babbar hanyar da ta tashi daga Sakkwato ta bi ta Boɗinga da Shagari da Tambuwal zuwa Jega. Gari ne sananne a tarihi, domin a nan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna yana karantarwa bayan ya baro Gwandu, har zuwa shekarar 1815 da ya koma Sakkwato, inda ya rasu a 1817. A wannan zamani ƙanensa Abdullahi ya zauna a Boɗinga, 'yan kilomitoci kaɗan daga Sifawa.

Mun kawo wannan tarihi ne saboda ya shafi maganarmu. Garuruwa da ƙauyukan wannan yanki, irin su Lukuyawa da Dingyaɗi da Takatuku, an kafa su ne a zamanin da ƙafa da jaki da doki suke abin tafiya, saboda haka ba su yi nesa da juna ba, kuma akwai tsofaffin turbobi da suka haɗa su ta cikin gonaki. Ƙasar kuma shimfiɗaɗɗa ce, ba ta da manyan tsaunuka. Waɗannan abubuwa biyu sun dace da keke.

Idan muka dubi tafiyar ma'aikacin Sifawa, za mu iya kasa ta gida uku. Akwai tafiya ta kusa, cikin gari ko zuwa Boɗinga. Akwai matsakaiciya, zuwa makaranta ko asibitin wani ƙauye da bai wuce kilomita 10 ba. Sa'an nan akwai ta nesa, zuwa Sakkwato ko Shagari. Yawancin gardamar da ake yi a kan keke tana tasowa ne saboda mai yarda yana tunanin tafiya ta farko, mai ƙi kuwa yana tunanin ta uku.

3.0 Yadda Keke Ya Ɗaukaka, Ya Kuma Ja Baya

Keke, ko basukur kamar yadda dattawa suke kiransa, ba baƙo ba ne ga ma'aikacin ƙasar Hausa. A zamanin En'e, malaman makaranta da malaman gona da duba-gari da masinjoji a kan keke suke rangadi. Hukuma tana ba ma'aikaci bashin sayen keke ana cirewa daga albashinsa, En'e kuma tana karɓar kuɗin lasinsa. Mallakar keke a lokacin alama ce ta wadata, har ana yi masa kirari da dokin ƙarfe. Kasuwarsa ta yi ƙarfin da kamfanin Raleigh ya kafa masana'antar haɗa kekuna a Kano, daga baya kuma kekunan ƙasar Sin irin su Phoenix suka cika kasuwanni.

Abubuwa uku suka rage masa daraja. Na farko shi ne arzikin man fetur na shekarun 1970, musamman ƙarin albashi na Udoji wanda aka biya tare da ariya a 1975, inda ma'aikata da yawa suka ajiye keke suka hau babur. Na biyu shi ne yaɗuwar kabu-kabu bayan shirin gyaran tattalin arziki na 1986, wanda ya sa ko wanda ba shi da babur yana iya hawan na haya. Na uku shi ne shigowar babura masu araha daga ƙasashen Asiya tun daga shekarun 2000. Duk waɗannan sun ginu ne a kan tushe guda, watau arahar mai. Da tushen ya girgiza a 2023, dole a sake duba abin da aka ɗora a kansa.

4.0 Dalilan Yarda

4.1 Kuɗi

Dalili mafi ƙarfi shi ne na aljihu. Bari mu yi wani lissafi na misali. Mu ɗauka malami yana tafiyar kilomita 10 zuwa makarantarsa, watau kilomita 20 zuwa da dawowa, kwana 22 a wata. Jimla kilomita 440 ke nan. Mu ɗauka kuma babur ɗinsa yana cin lita ɗaya a kowace kilomita 40. Zai sha lita 11 a wata. Lokacin da lita take naira 190, kuɗin man ya kama naira 2,090, watau kusan kashi 7 cikin ɗari na mafi ƙarancin albashi na naira 30,000 da aka kafa a 2019. Da lita ta kai naira 1,000, kuɗin ya zama naira 11,000, watau kusan kashi 16 cikin ɗari na sabon mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a watan Yuli na 2024. Ke nan duk da ƙarin albashin, rabon da mai yake ci ya ninka fiye da sau biyu. Ba mu sa kuɗin baƙin mai da filogi da taya a ciki ba. Wanda yake hawan kabu-kabu kuwa ya fi wannan biya, domin yana biyan kuɗin mai da ribar mai babur.

Keke, bayan kuɗin sayensa, abin da yake nema shi ne faci, da canjin taya ko tub lokaci-lokaci, da ɗan mai a sarƙa. Abin lura a nan shi ne, amfanin wannan ragi bai tsaya ga ma'aikacin kaɗai ba. Malamin da kuɗin mai ya ƙare masa ran ashirin ga wata, ko dai ya ci bashi ko ya yi fashin aiki, kuma idan ya yi fashin ɗalibansa ne suke zaman banza. Haka nan mai ciki da ta taka zuwa awo ta tarar da asibiti a kulle.

4.2 Lafiyar Jiki

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar cewa baligi ya sami motsa jiki matsakaici na minti 150 zuwa 300 a mako. Mai keke da yake tafiyar kilomita 6, a kan saurin kilomita 12 a awa, zai yi minti 30 zuwa, minti 30 dawowa. A kwana biyar ya sami minti 300 ba tare da ya ware wani lokaci dabam ba. A shekarar 2017 masu bincike na Jami'ar Glasgow suka buga sakamakon nazarin mutane fiye da 260,000 a Birtaniya, inda suka ga cewa masu zuwa aiki a kan keke haɗarin mutuwarsu a cikin shekarun binciken ya gaza na masu zuwa a mota ko bas da kashi 41 cikin ɗari, kuma ciwon zuciya da ciwon daji sun yi ƙaranci a cikinsu.

Amma ya kamata mu yi hattara da wannan sakamako. An yi binciken ne a ƙasa mai sanyi, a kan mutanen da yawancinsu ba sa aikin ƙarfi. Ma'aikacin Sifawa kuwa sau da yawa manomi ne, da damina yana tashi daga aiki ya wuce gona. Saboda haka dalilin lafiya ya fi ƙarfi ga ma'aikacin ofis da ya fara ƙiba, ko wanda hawan jini ko ciwon suga yake yi wa barazana, fiye da wanda kullum fartanya tana hannunsa.

4.3 Sauƙin Gyara da Mallakar Lokaci

Keke na'ura ce da mai ita yake iya fahimtarta gaba ɗaya. Da famfo da 'yar sifana da gam na faci, yawancin matsalolinsa a bakin hanya ake maganinsu, abin da ya gagara kuma akwai mai gyara a kasuwar ƙauye. Ba ya shiga layin gidan mai, ba ruwansa da 'yan bumburutu idan an shiga ƙarancin mai. Mai keke kuma ba ya jiran mota ta cika, ba ya ciniki da ɗan kabu-kabu. Idan ya san tafiyarsa ta rabin awa ce, to, rabin awa ce kullum. A kan kariya kuma yana iya ɗaure littattafan ɗalibai, ko ya ɗauko cefane a hanyarsa ta dawowa.

5.0 Dalilan Ƙi

5.1 Nisa

Wanda yake zaune a Sifawa yana aiki a Sakkwato, idan ya hau keke zai yi awa biyu zuwa biyu da rabi kafin ya isa, ya kuma yi kamar haka a dawowa. Awa huɗu ko biyar ke nan a kan sirdi kowace rana. Ko da jikinsa ya jure, zai isa wurin aiki a gajiye, ya koma gida bayan magariba. Wannan dalili ba shi da magani, kuma duk wanda yake kira ga hawan keke ya kamata ya amince da shi tun da farko. Haka abin yake ga wanda aka tura Shagari ko gaba da ita.

5.2 Babbar Hanya

Hanyar da ta ratsa yankin ita ce take haɗa Sakkwato da Jihar Kebbi da kudancin ƙasa, saboda haka tireloli da tankokin mai da motocin haya ba sa yankewa a kanta. Mai keke a gefen kwalta ba shi da wani abin kariya. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya nuna cewa kimanin mutum miliyan 1.19 ne suke mutuwa a haɗarin hanya kowace shekara a duniya, fiye da rabinsu kuwa masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da masu babur, kuma nahiyar Afirka ce ta fi kowace yawan mace-macen idan an gwada da yawan jama'arta.

Muna da misali na gida. A shekarar 2001 Ministan Sufuri na lokacin, Ojo Maduekwe, ya yi ta kira ga 'yan Nijeriya su riƙa zuwa aiki a kan keke, shi da kansa kuma ya fara. A cikin wannan shekara wata bas ta ture shi ya faɗa rami a Abuja yana kan kekensa. Ya tsira, amma jama'a sun ɗauki abin a matsayin amsar kiransa. Darasin da muke gani a ciki shi ne, kira kaɗai ba ya isa idan ba a tanadar wa mai keke inda zai bi ba.

5.3 Yanayi

Ƙasar Sakkwato tana cikin wurare mafiya zafi a Nijeriya. Daga watan Maris zuwa Mayu, zafin rana yakan haura digiri 40 a ma'aunin Selsiyas. Fitar safe ba ta da wahala, matsalar tana ga dawowa, domin makarantu suna tashi ne wajen azahar, daidai lokacin da rana take tsakiyar ƙunarta. Idan kuma azumi ya faɗo cikin bazara, kamar yadda ya faru a 2023 da 2024, to, tuƙa keke da rana ba ruwa a baki yana iya kai mutum ga galabaita. Da hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, akwai sanyin asuba da ƙura mai shaƙe ƙirji, da hazo mai hana direba hango mai keke daga nesa. Da damina kuwa turbobin cikin gonaki sukan cika da ruwa da taɓo.

5.4 Rairayi da Ƙaya

Turbar da za ta kuɓutar da mai keke daga babbar hanya ita ma tana da nata. Inda rairayi ya yi zurfi ƙafar keke takan nutse, dole a sauka a tura. Ga kuma tsidau da ƙayar itatuwa masu huda taya. Faci ba shi da tsada, amma ma'aikacin da tayarsa ta sace a tsakiyar daji da ƙarfe bakwai da rabi na safe ya riga ya makara. Har ila yau, matsalar 'yan bindiga da ta addabi sassan jihar, musamman gabashinta, tun daga wajen 2018, ta sa mutane suna ƙyamar bin hanyar da ba kowa su kaɗai da sassafe ko da almuru.

5.5 Martaba da Al'ada

Wannan dalili ba a cika faɗinsa a fili ba, amma a ganinmu yana cikin mafiya ƙarfi. Tun bayan Udoji, jama'a sun jera ababen hawa kamar matakala: keke a ƙasa, babur a tsakiya, mota a sama. Hedimastan da ya saba zuwa a babur, ranar da aka gan shi a keke sai a fara tambaya ko lafiya. Akwai kuma maganar sutura, domin babbar riga da feda ba sa jituwa, kuma ba wanda yake so ya tsaya gaban aji rigarsa jiƙe da gumi.

Ga mata ma'aikata abin ya fi tsanani. A yawancin ƙasar Hausa ba a saba ganin babbar mace a kan keke ba, alhali kuwa mata suna da yawa cikin malaman firamare da ma'aikatan awon ciki. Mun san cewa wannan al'ada ce ta wuri, domin a Wagadugu ta Burkina Faso, wadda ita ma ƙasar zafi ce mai Musulmi da yawa, mata manya da yara suna hawan keke zuwa kasuwa da wurin aiki, manyan titunan birnin kuma an ware wa masu ƙafa biyu gefensu. Duk da haka, al'ada ba ta sauyawa da umurni, saboda haka kowane shiri na keke a wannan yanki dole ya tanadi wata hanya dabam ta rage wa mata kuɗin sufuri.

6.0 Auna Dalilan

Idan muka jera dalilan ƙi guda biyar, za mu ga sun kasu kashi biyu. Nisa da zafin bazara ba su cikin ikon kowa. Haɗarin hanya da rairayi da maganar martaba kuwa abubuwa ne da mutane suka yi, ko suka bari, kuma suna iya gyarawa. Ƙasar Holan, wadda ake yawan kawo misalinta, ba haka ta tashi ba. A farkon shekarun 1970 motoci sun mamaye titunanta, mace-macen yara a kan hanya suka tayar da zanga-zangar iyaye, sa'an nan matsalar man fetur ta 1973 ta zo, daga nan hukumomi suka dage da gina wa kekuna hanyoyinsu na musamman. Ba muna cewa Boɗinga ta kwaikwayi Holan ba ne, domin ƙarfin aljihu ba ɗaya ba. Abin da ya dace da mu bai kai wannan tsada ba, ga shi kamar haka:

(a) Hukumar ilmi da ta lafiya ta ƙaramar hukuma su riƙa la'akari da mazaunin ma'aikaci wajen tura shi aiki, ta yadda mafi yawa za su faɗa cikin tazarar da ba ta wuce kilomita 10 ba. Wannan ba ya cin ko kwabo.

(b) A zuba burji a wuraren da rairayi ya yi yawa a kan turbobin da suka haɗa Sifawa da ƙauyukan kewaye, ko da ta hanyar aikin gayya ne, domin mai keke ya kauce wa kwalta. Hanyar lafiya, in ji Bahaushe, a bi ta da shekara.

(c) A nemi haɗin kan Hukumar Kiyaye Haɗura ta Tarayya, wadda aka kafa a 1988, wajen rage gudun motoci inda babbar hanya ta ratsa gari, a kuma wajabta wa mai keke fitila da abin ƙyalli a baya.

(d) A dawo da bashin keke ta hannun ƙungiyoyin ma'aikata da na gama-kai, ana cirewa kaɗan-kaɗan daga albashi kamar yadda aka yi a da.

(e) A tanadi inuwa da wurin ɗaure keke da randar ruwa a makarantu da asibitoci, a kuma duba yiwuwar shiga da wuri da tashi da wuri a watannin bazara.

(f) Manyan ma'aikata su fara. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 3 ga Yuni a matsayin Ranar Keke ta Duniya tun 2018, amma bikin rana ɗaya ba zai yi tasirin da ganin shugaban ma'aikata a kan keke kowace safiya zai yi ba.

7.0 Kammalawa

A cikin wannan takarda mun kasa tafiyar ma'aikacin Sifawa gida uku, mun kuma auna kowace da dalilan yarda da na ƙi. Mun ga cewa ga tafiya ta kusa, cikin gari ko zuwa Boɗinga, dalilan yarda sun rinjaya a kusan dukan watannin shekara. Ga matsakaiciya, rinjayen ya dogara ga samun turba mai kyau wadda ta kauce wa babbar hanya, kuma mai babur yana iya ajiye shi don bazara da ranakun ruwa, ya hau keke a sauran lokuta. Ga tafiya ta nesa kuwa, zuwa Sakkwato ko Shagari, dalilan ƙi ne suka rinjaya, maganinta yana ga motar haya mai araha ko sauya wurin aiki. Muna fata malaman jami'o'i da kwalejojinmu za su sa ɗalibansu su ƙidaya nisan da kowane malamin firamare na Boɗinga da Shagari yake tafiya, da abin da yake kashewa a wata, domin da irin wannan ƙidaya ne hukuma za ta san yawan waɗanda keke zai amfana, da waɗanda dole a nema musu wata dabara.